Esin da Ba Ya Lalacewa a Gaban Oga

Motar ta Yayana ce, Canter 'yar Kwatano, ni nake ja. Aikinmu ɗauko kaya daga Dawanau ko Singa mu sauke wa 'yan Kasuwar Rimi, da yamma in jingine ta a Shahuci, kusa da dogon benen nan da gwamnati ta gina don ajiye motoci. Duk cikin direbobin da muke lodi tare ni kaɗai ne mai esi, kuma ban ɓoye wa kowa ba. Ko gaisuwa ce sai na sauke gilashi a hankali, yadda sanyin zai ɗan shafi fuskar mutum kafin in ce masa ina wuni.

Cikin Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, esin ya tsiro da sabon hali. Da safe lafiya lau. Kana cikin tafiya sai sanyi ya janye, fanka ta ci gaba da huro maka iska mai ɗumi. Can kuma, ba ka taɓa komai ba, ka ji "ƙas" daga ƙarƙashin kujera, sanyi ya dawo. Da ma mutuwa ya yi, da an yi masa sutura an huta. Mai suma yana farfaɗowa shi ne ke wahalar da dangi.

Mai gas na fara zuwa. Ko kan motar bai ɗaga ba ya ce, "Gas ne." Ya yi mini bayani, kuma gaskiya ya faɗa, cewa akwai wani makunni a jikin bututu da ke yanke wa kwamfuresa wuta idan gas ya yi ƙasa, don kada ta ƙone. Ya ɗura mata R134a, ya karɓi kuɗinsa. Ban wuce Ƙofar Mata ba sanyi ya ɗauke. Na koma, ya ƙara ɗurawa. Abin da ya manta bai faɗa ba shi ne makunnin nan yana yanke wuta idan gas ya yi yawa ma. Sai ciwo ya zama biyu, har wani mai gas ɗin daban ya rage abin da na farko ya zuba. Na biya an zuba, na biya an zubar.

Daga nan aka ce ai matsalar wuta ce, in nemi mai wayarin. Wanda aka haɗa ni da shi dattijo ne mai suna a sana'ar, kowa Oga yake ce masa. Ina shigar da motar garejinsa esi ya kama aiki. Oga ya hau, ya rufe ƙofa, ya gyara zama, ya amsa wayoyinsa a tsanake, ni ina tsaye a rana. Da ya sauko ya ce, "Malam, wannan ai ya fi na banki sanyi. Me kake so in gyara?"

Don kada a ce bai yi komai ba, ya dafa mita a wayar da ke kai wa kwamfuresa wuta, ya nuna mini 24 cif, yadda ya kamata ga mota mai batir biyu. Ya aike ni Ƙofar Ruwa na sayo sabon rile da fis, ya canza lafiyayyun da ke ciki. Sannan ya ce, "Ka kawo ta lokacin da take yi."

Wannan ita ce maganar da ta kusa zautar da ni. Duk ranar da sanyi ya ɗauke sai in juyo da gudu, ina gumi ina murna yau asiri zai tonu. Amma a bakin garejin akwai kwata, kuma da zarar tayar gaba ta daki bakinta sai in ji "ƙas". Yaran Oga har sun daina tashi idan sun hango ni.

Ana cikin haka surukina ya ce in rage masa hanya zuwa Dawanau. Hannun gilashin ɓangarensa ya daɗe da ɓallewa, ban damu ba, mai esi ina ruwansa da hannun gilashi? Muna shiga cunkoson gaban Asibitin Murtala abin ya ɗauke. Baba yana cikin babbar riga da hula, gumi na bin gemunsa, ni kuma surukuta ta hana ni ko kallon inda yake. Bai yi ƙorafi ba. Carbinsa ya ja, can ya ce, "Allah ka kiyashe mu da zafin ƙabari." Na ce amin da ƙarfi. Da daddare a majalisa aka yanke hukunci cewa bakin mutane ne, wani ma ya kawo shawarar a yi wa motar hayaƙi.

Wani yaron Oga, wanda aikinsa wankin sifana da sayo shayi, shi ya tare ni ya ce, "Yallaɓai, in za ka ɗauke ni mu zaga, zan gwada." Ya ɗauko ƙwan fitila da doguwar waya, ya haɗa bakin ɗaya da wayar da ke shiga kulocin kwamfuresa, ɗayan da jikin mota, ya ajiye ƙwan a cinyarsa. Ya ce in bi duk wani rami da na sani. A cikin birni wannan ba abu ne mai wuya ba.

Wajen Jakara sanyi ya ɗauke, ƙwai kuwa yana nan tar. Yaron ya yi dariya. Ya ce wuta tana zuwa ke nan, fis da rile da makunni duk ba su da laifi. Hanyar komawarta ce ta toshe. Kulocin nan maganaɗisu ne, sai wuta ta shiga ta fita sannan zai kama, mitar Oga kuwa mai shigowa kawai ta auna.

Muka ɗaga kan motar a gefen titi, inji na aiki. Ya sa tsinken sanda ya taɓa wata 'yar baƙar waya da aka ɗaure da noti a jikin kwamfuresa: ƙas. Ya saki: shiru. Ya sake taɓawa: ƙas. Da muka kashe inji ya yanke robarta, sai ga tagullar ta yi kore, sili biyu ko uku ne kawai suka rage. In inji ya yi zafi ko mota ta girgiza su rabu, in ta daki kwata su haɗe. Ya yanke ruɓaɓɓen wurin, ya kankare tsatsar notin, ya ɗaure, ya naɗe da salatif. Da muka koma gareji Oga ya leƙa ya ce, "Da ma ita nake zargi," ya miƙo hannu.

Sati guda na yi ina sauke gilashi ina gaishe da mutane. Ranar Juma'a Yaya ya zauna da littafin lissafi, ya ga abin da man dizal ya ci, lita ta haura naira 1,000. Ya tambaye ni ko esi na shan mai. Na ce ɗan kaɗan. Ya buɗe akwatin fis, ya zare sabon da na sayo a Ƙofar Ruwa, ya jefa a aljihun gaba, ya ce in je a gyara hannun gilashi.