Jirgi Ya Sauka, Muna Jiran Mai Faci

Ranar da Gwaggo za ta dawo daga Umara, ni aka miƙa wa tikitinta a waya in karanta, tunda ni ne ɗan bokon gidan. An rubuta tashi daga Jidda ƙarfe 10 na safe, sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano ƙarfe 1 na rana.

Kawu ya ƙirga da yatsu. "Awa uku ke nan. Amma da za ta tafi awa bakwai aka rubuta."

Na gyara zama na yi bayani: tsakanin Kano da Jidda kilomita 3,400 ne da 'yan kai, tafiyar kamar awa biyar, zuwa da dawowa duk ɗaya. Agogon Saudiyya ne ke gaban namu da awa biyu, shi ya sa lissafin ke ƙaruwa a tafiya, ya ragu a dawowa. Kawu ya ce ban san komai ba. A tafiya jirgi na ɗauke da zunuban mutane, dole ya yi nauyi. A dawowa kuwa an sauke su.

Ban ja da shi ba, domin shi zai biya kuɗin mota. Daga Gwarzo zuwa Kano kilomita 70 ne ko kusa da haka, sai na ce mu fita da hantsi, har ma mu samu lokacin cin gurasa a Kabuga.

Muka cika bas da 'yan tarba, har da masu goyo da kular waina. Muna shiga ƙasar Kabo taya ta yi bindiga. Direba ya ce kada mu damu, akwai safaya. Akwai ta kuwa, sai dai ita ma tun bara take jiran faci. Yaron mota ya hau acaɓa da tayoyin biyu, ya tafi neman mai faci, wanda aka ce ya tafi ɗaurin aure.

A gindin wata darbejiya na buɗe taswira ina nuna wa yara: yanzu Gwaggo ta haye Bahar Maliya, ga Sudan, ga Chadi. Hanyar da kakanninmu ke shafe shekaru suna takawa a ƙafa. Ita ta ƙetare ƙasashe, mu ko Rimin Gado ba mu gani ba. Wainar tarba dai muka tarbe ta da kanmu.

Bayan la'asar wata motar haya mai zuwa Gwarzo ta wuce mu, ta ci burki, ta dawo da baya. Sai ga Gwaggo ta leƙo, haƙorin Makka na walƙiya.

"Ku kuma lafiya? Wa kuke jira a nan?"

"Ke muka zo tarba, Hajiya," in ji Kawu.

Ita ta biya mai faci.