Akwati Biyu, Dangi Dubu

Bahaushen da ke zaune a Landan zai iya ɓoye albashinsa, zai iya ɓoye bashin da ake bin sa, amma ranar tafiyarsa gida ba ta ɓoyuwa. Ka sayi tikiti da tsakar dare, ka ja wa iyali kunne, ka kama bakinka a masallaci. Ranar Juma'a kana saka takalmi sai ka ji an dafa kafaɗarka: "Malam, ashe tafiya ta kama? Allah Ya kai lafiya." To, an gama da kai. Kamfanin jirgi ya ba ka akwati biyu, kowanne kilo 23, kana zaton naka ne. Jama'a tuni suka raba.

Shugabansu duka shi ne mai ɗan ƙaramin saƙo. Ko wata guda ya yi da jin labari, ba zai neme ka ba sai daren tafiya, bayan ka auna kaya, ka zuge zif, ka danna kwaɗo. Da waya yake farawa. Ya gida, ya yara, ya sanyi, ya muka ji da tsadar nan, ya jikin Hajiya, alhali rabon Hajiya da ciwo tun bara. Sai kun yi sallama har sau biyu sannan ya ce, "Af, na ce ba, akwai wani ɗan saƙo. Bai taka kara ya karya ba, ko a aljihu ka sa shi." Ƙarfe sha ɗaya na dare ƙararrawa ta kaɗa. Ka buɗe ƙofa ka ga jakar Gana-mas-go, shi yana riƙe da hannu ɗaya, babban ɗansa na riƙe da ɗayan, duk suna haki.

"Girma ne kawai, ba nauyi. Bargo ne."

Gaskiyarsa, akwai bargo, a sama. Ƙarƙashinsa kuwa ga injin markaɗe, ga tukunyar dafa shinkafa ta lantarki, ga takalma ƙafa shida, ga kwalaben turare, ga wani ƙaton littafin likitanci na ɗan ƙanwarsa da ke jami'a. Sai ka ɗauko ma'aunin banɗaki, ka hau kai kaɗai, ka sauka, ka rungumi jaka ka sake hawa, yaro ya durƙusa yana karanto lamba tunda kai ba ka hangen ƙafarka. Kilo 14. Zai dubi ma'aunin da tausayi ya ce, "Anya lafiyarsa ƙalau? A nawa tara ya nuna." Daga nan ya rikiɗe ya zama masanin sufurin jiragen sama. Ka sa kwat biyu a jikinka. Ka zuba takalman a jakar hannu, ai ba sa aunawa. Ka je da wuri, ma'aikatan safe sun fi sauƙin kai. Mutumin da bai taɓa biyan ko fam ɗaya na kuɗin ƙarin kaya ba ya fi kowa sanin yadda ake kauce masa. In duk wannan bai yi ba, sai ya leƙa akwatinka ya ɗaga rigar da ka saya wa mahaifiyarka ya ce, "Wannan ai akwai irinta a Kwari."

Ba ya sa a lissafi cewa jirgin Heathrow a Abuja zai sauke ka bayan awa shida, kuma jirgin cikin gida da zai ƙarasa da kai Kano ko rabin wannan nauyi ba ya ba mutum kyauta. Wannan matsalarka ce, ai kai ne mai tafiya.

A Kano kuma sai a buɗe babi na biyu. Lambar da ya rubuta maka a kashe take. Sai ka fara mantawa, ran nan kana tsakiyar cin tuwo wani ya kira: "Kai ne mai saƙon Landan? Ina Bichi, ko za ka ɗan shigo?" In ka dage shi ya zo, zai zo, ya zauna a zaurenku, ya zazzage kayan a gabanka yana ƙirgawa, ya ɗago kai ya ce, "An ce mini turaren uku ne." Ka yi dakon kaya daga wata nahiya kamar ɗan dako a kasuwar Singa, ladanka a tuhume ka da kwalba guda. Kuma kada ka ɗauka kun rabu. Daren komawarka zai dawo da amsar saƙo, a buhu.

Goggo ita ba saƙo take bayarwa ba, ɗura take yi. Ta yi imani a Turai ba a cin komai sai burodi da dankali, kuma duk hoton da ka aika, ramar da ka yi kawai take gani. Ka gaya mata a Peckham akwai doya, akwai manja, akwai kuɓewa, har tattasai. Za ta ce, "Na kanti ai ba shi da albarka, ɗan nan." Sai kuka, sai daddawa, sai yaji, sai busasshen zogale, sai garin kunun tsamiya, sai ƙuli-ƙuli, kowanne a leda uku. Ka zaunar da ita ka yi mata bayani cewa dokar Birtaniya ta hana shiga da nama da kayan madara daga ƙasashe irin namu, saboda haka ba kilishi, ba dambun nama, ba man shanu. Za ta gyaɗa kai ta ce to. Shi ya sa mai hankali yake sake zazzage akwatinsa kafin ya kwanta, don a hannun babbar riga ake samun kilishin, an naɗe shi a takardar siminti an soke da fil. In ka kai mata ƙara ta ce, "Su Turawan har cikin hannun riga suke dubawa? Ba su da aikin yi ne?" A nan zaure za a cinye shi da yaran gida, tana kallon ku tana ƙwafa. Daddawar kuwa takan isa, kuma takan sanar da isowarta. A jirgin ƙasa na layin Piccadilly, daga filin jirgi zuwa cikin gari, za ka ga mutane na ja da baya cikin ladabi, ka samu kujera uku kai kaɗai. Shaddarka ba za ta daina ƙamshin miya ba sai wata Sallar. Goggo dai ba a fushi da ita.

Akwai Kawu, wanda duk kiran da zai yi da tambaya ɗaya yake farawa: "Yanzu ƙarfe nawa a wurinku?" Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonmu ɗaya da na Kano, sauran watanni awa guda ce tsakani, amma in ka faɗa masa sai ya ji kamar an rage maka daraja. Yana yaro ya ga Sarauniya da ta zo a 1956, ko dai ya ga ƙurar motarta, kuma har ta rasu a 2022 bai daina ba ni saƙon gaisuwa gare ta ba. Yanzu ɗanta yake gaisarwa, amma sama-sama, don bai san shi ba.

Ɗan ƙwallo rigar Arsenal yake so, ta asali, da sunansa a baya. Ƙanwa waya take so, "ko wadda ka gaji da ita", amma ta turo hoton wadda ta fito bana. Sabon zuwa kuma, wato ɗalibin da ya sauka a Satumba, kwat yake sawa har da safar hannu tun sanyi bai fara ba, ya yi hoto a gindin Big Ben, ya jira ƙanƙara ta zubo ya ɗauka ya tura gida. Zuwa Fabrairu ya daina hoto.

Mai lissafin canji iri biyu ne. Na gida shi ne ɗan baffanka da ya ji cewa mafi ƙarancin albashi a Birtaniya ya kai fam 12.21 a awa a Afrilun 2025, ya kuma san fam ta taɓa haura naira 2,000. Ya buga a waya, ya samu kusan naira dubu 200 a wuni, ya kira ka da shawarar ka saya masa Adaidaita Sahu. Wayarsa ba ta san ɗebewa ba. Ba ta cire haraji, ba ta cire kuɗin haya, alhali ɗaki ɗaya tal a gidan haɗaka yakan lashe fam 800 ko fiye, ba ta cire kuɗin gas da na jirgin ƙasa, ba ta kuma san ɗalibi awa 20 kawai doka ta yarje masa ya yi aiki a mako in ana karatu. Na waje kuwa shi ne wanda zai tsaya gaban shagon aski, ya ga an rubuta fam 15, ya lumshe ido ya ce naira dubu talatin, ya juya. Irin wannan ba ya shan shayi a waje, ba ya shiga tasi, kuma za ka gane shi da tabon da ke bayan kunnensa, don maiɗakinsa ce ke yi masa aski da injin da ya saya a gwanjo. Hular da nake sawa ko a cikin falo ba don sanyi ba ce.

Wanda ya fi ba ni daɗin hira shi ne tsohon zama. Kwas na shekara ɗaya ya zo yi zamanin mulkin soja, kuma duk shekara "bana zan tattara in koma". Gininsa na gida ya kai linta tun kafin a haifi ɗansa da ke tuƙa shi yanzu. Yana ba da labarin lokacin da jirgin British Caledonian ke tashi daga Gatwick ya dire Kano kai tsaye, da lokacin Nigeria Airways, wanda ya daina tashi tun 2003 amma a bakinsa jiya ne. Kanon da ke kansa ba gada ko ɗaya. In zai yi maka kwatance sai ya ce ka hau acaɓa, an kuwa hana shi tun 2013, ka sauka a gindin wata bishiya da aka sare da daɗewa. Shi ne mai karɓar baƙi a filin jirgi, shi ne mai sanin inda ake wankan gawa da inda ake samun ragon suna, don haka ko zai maimaita labari sau goma muna saurare. 'Ya'yansa Hausarsu "lafiya lau" ce. Kakarsu ta tambaye su a bidiyo, kyamara na kallon rufin ɗaki, yaushe za ku zo, su ce lafiya lau.

Sai baƙon kwana biyu. Alhaji ne, ya zo ganin likita ko bikin yaye ɗansa, otal kuwa "ai bai kamata ba, ga gida". Ya mallake falo, ya ƙure na'urar ɗumama ɗaki sannan ya buɗe taga don iska ta shigo. Alwala ɗaya zai yi a banɗaki mai kafet, maƙwabcin ƙasa ya hauro yana nuna silin. In Disamba ne ya yi ta mamakin magariba kafin ƙarfe huɗu, yana zargin agogo. Wanda ya zo da azumi a shekarun da ya faɗo watan Yuni, da ya ji awa 18 har da ɗoriya, nan take ya tuna shi matafiyi ne. In kuma Sallah ta riske shi, ya tarar wani masallaci na bin Saudiyya wani na bin Maroko, sai ya kira gida a ji me Sarkin Musulmi ya ce, ya ƙara mana ra'ayi na uku. Amma in zai tafi yakan damƙa wa yara kuɗi ya sa albarka mai tsawo, sai ka ji gidan ya yi shiru da yawa.

Duk waɗannan na yafe musu, wasu ma ina kewarsu. Wanda ban yafe wa ba shi ne mai saƙo a ɗaure. Zai miƙo maka kwali an nannaɗe shi da salatif ta kowace kusurwa, ya ce, "Ba sai ka buɗe ba, magani ne na wata baiwar Allah." Wani ma ba ka taɓa ganinsa ba, a layin auna kaya zai tare ka, don kawai ya ji kana Hausa a waya. In ka ce sai ka ga abin da ke ciki, sai ya ɓata rai: "Haba ɗan'uwa, ba ka yarda da ni ba ke nan? Turai ta canza ka." Ya san sarai ma'aikaciyar jirgi za ta tambaye ka ko kai ka haɗa kayanka, ko wani ya ba ka wani abu, ya san kuma sunanka ne a jikin akwatin, ba nasa ba. Yana so ka yi ƙarya a madadinsa, ka ɗora takardunka da karatunka da abincin 'ya'yanka a kan kwalin da shi kansa ya ƙi ɗauka. Ba mu manta da ɗalibar nan da aka tsare a Saudiyya a Disamban 2018 ba, saboda jakar ƙwayoyi da wasu suka maƙala wa sunanta a filin jirgi, sai ƙarshen Afrilun 2019 aka sako ta. Ita ko karɓa ba ta yi ba, ta kwashe wata huɗu a tsare. To ina ga wanda ya sa hannu ya karɓa don kunya? Mutumin da zai kira sunan zumunci don ya hana ka buɗe kwali ya san abin da ya sa a ciki. Ya kira ni Bature, ya kai ƙarata wurin Goggo, na ji na ɗauka.

Saboda haka jama'ar Landan da kewaye, da ku na gida masu amsar saƙo: a kawo shi kwana uku kafin tafiya, a buɗe, kada ya wuce kilo biyu, da lambar wayar da ke shiga. Wanda ya zo da Gana-mas-go kuma ya taho da kuɗin akwati na uku a hannu.