Madalla da Wuta Mai Kunya

Duk wanda ya ce wutar lantarki ba ta kyauta wa mutanen Ɗambatta, Bichi, Kunchi da Makoɗa ba, butulu ne. Ina aka taɓa ganin baƙuwa mai kunya irin tata? Sai tsakar dare take leƙowa, don kada ta takura wa kowa, kafin assalatu ta yi sallama. Mai injin niƙa ya wayi gari ya sayi man dizal ɗinsa cikin rufin asiri.

Ga ta da girmama damina. Hadari na haɗowa daga gabas, tun ɗigon farko bai taɓa ƙasa ba, ta ba shi wuri. Injiniyoyi, da son ɓata suna, suna ɗora abin a kan reshen darbejiya mai shafar waya, da falwayar katako da gara ta cinye gindinta, da wayoyin da suka saki har iska ke gwara su. Da hunturu kuma wai ƙura ce ke kwanciya a kan tangaran ɗin da ke riƙe da waya. Mu dai mun san tarbiyya ce.

Babu abin da ya raya zumunci kamar taransifoma. Ranar da ta ƙone, ko don lodi ya yi mata yawa, ko don wasu bayin Allah sun tsiyaye manta sun yanke tagullarta da dare, sai ka ga gari ya zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Liman ya yi sanarwa, mai unguwa ya buɗe littafin karo-karo, wannan ya sayar da tiyar gero, wancan ya kai akuya kasuwa. Su gyara abin da ba nasu ba, lada kuwa sai a lahira. Takardar kuɗin wuta, baiwar Allah, ba ta saɓa alkawari: inda babu mita, kintace ya wadatar, duhun ma a biya shi.

A watan Oktoban 2024, da aka lalata turakun layin Shiroro zuwa Kaduna, layin da ke biyowa ta Makurɗi da Jos shi ma ya faɗi, Arewa ta yi fiye da kwana bakwai cikin duhu. Mutanen birni suka yi ta kuka. Na ƙauye kuwa a rediyo mai batir suka ji wai an ɗauke wuta. Wannan rashin wutar ne ma ya kare su daga tsadar rukunin A na masu samun wuta sosai, naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024. Wanda ba a ba shi wutar awa 20 a rana ba, wa zai caje shi kuɗinta?

Yanzu wasu na neman ɓata wannan zaman lafiya. Wai a sare rassa, a kafa falwayar kankare, a sa na'urar da ke mayar da wuta da kanta idan reshe ya taɓa waya ya saki, a sa kwamfutar da ke nuna inda layi ya yanke ba sai an bi shi a babur ba, a kuma ba ƙauyuka tashoshin sola nasu. Allah ya kiyaye! Mun gode da yarjejeniyar kamfanin Siemens ta 2019, wadda ta yi alkawarin megawat 25,000 kafin ƙarshen 2025, ba ta yi gaggawa ba. Muna nan muna lallaɓa 'yan dubu huɗu zuwa biyar ɗinmu. In wuta ta tsaya, yaron da ke cajin wayoyi da janareto a kasuwar Ɗambatta wa zai riƙe masa iyali?