Bazazzagi Ya Zama Baran Kwaɗi

Bawana ɗan Zazzau, ina gaishe ka irin gaisuwar da ubangida ke yi wa yaronsa, wato daga zaune. Labarinka ya iso Kano, kuma ka san abin da ya shiga Kasuwar Kurmi ya gama zaga duniya. An ce ka tafi Amurka neman digiri na uku, ka ɓuge da kiwon kwaɗi. Ba kaji ba, ba zabi ba, ba ko 'yan tantabarun da yara za su sha romo ba. Kwaɗi! Kuma wai da dala ka saye su, kai da ka tashi a Samaru, inda kwaɗin Kubanni ke hana mutane barci kyauta tun daga faɗuwar damina har kaka.

Ka ce yara ne suka matsa maka. Mun ji, ba mu yarda ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne kukan da aka ce kana yi: ɗaya ya mutu, ɗaya ya daina cin abinci, cinyoyinsa sun yi jawur, kai kuma kana ta cewa wai kewar gida ke damun su. Wace kewa? 'Yan mitsi-mitsin nan da ka saya, masu zaman cikin ruwa dare da rana, gaskiya ne asalinsu dazuzzukan Kongo da Kamaru da kudancin Najeriya ne, amma na shagunan Amurka can aka ƙyanƙyashe su, ko kakanninsu ba su san hanyar Afirka ba. Ruwanka ne ya lalace, malam.

Bari Bakano ya koya wa ɗan boko karatu. Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki. Da fatarsa yake sha, kuma ta nan yake samun wani kaso na iskar da yake shaƙa. Duk abin da ke cikin ruwan, mai kyau da marar kyau, yana ratsa fatar nan ya shige jikinsa ba tare da neman izini ba. To a cikin ruwan nan yake kashi, a ciki yake fitsari, a ciki yake saɓa, a ciki ragowar tsutsotsin da ka zuba masa suke ruɓewa. Ka ɗauka an kulle ka a ɗaki guda, randarka ita ce masanka. Kwana nawa za ka yi kafin a fara jera maka sannu?

Na san amsar da za ka ba ni, don Bazazzagi ba ya rasa ta cewa: ai kwaɗin kududdufi a cikin ƙazanta suke, kuma ga su ɓul-ɓul. Laka ba guba ba ce. Kududdufi yana da faɗi, ruwan sama na sabunta shi, ciyayi da ƙwayoyin halittar da ke cikin taɓo suna cinye dattin tun kafin ya taru. Akwatin gilashinka kuwa bai fi bokiti biyu ba, ƙofar fita babu. Abin da ke kisa a cikinsa ma ido ba ya ganin sa. Kashi da ruɓaɓɓen abinci suna sakin amoniya, ita kuma tana ƙona fata. Ruwa yana iya zama garau kamar a ɗiba a yi alwala, alhali ya cika da ita. Idan jikin kwaɗo ya yi rauni da wannan ƙuna, sai bakteriyar da dama tana nan cikin ruwan, irin su eromonas, ta sami ƙofa. Jan cinyar da kake gani, jijiyoyin jini ne ke fashewa a ƙarƙashin fata. Wannan ya wuce jiƙe-jiƙe. Ware shi a wani mazubi, ka kai shi wurin likitan dabbobi, ka zauna a layi tsakanin mai kare da mai kyanwa, kai da kwaɗonka a cinya. Don Allah ka sa a ɗauke ka hoto.

Yanzu ga inda nake jin tsoronka. Na san halinku na zaƙewa: da ka gama karanta wannan za ka kwashe kwaɗin, ka zubar da ruwan kaf, ka ɗauko omo da soso ka dirje akwatin har ya yi ƙyalli, ka cika shi da ruwan famfo, ka koma gefe kana jiran yabo. Da safe sai jana'iza. A jikin tsakuwar da ke ƙasa da soson na'urar tace ruwa akwai wasu bakteriya masu amfani, su ne ke juya amoniya ta koma naitirait, wasu kuma su mai da naitirait naitiret, wadda ba ta kai su illa ba. Kafin su kafu sosai a sabon akwati sai an yi makonni. Ka wanke su, ka kori ma'aikatanka na kyauta ke nan, ka koma farko. Abin da ake yi shi ne a rage ruwan kaɗan-kaɗan, kamar kashi 20 zuwa 25 cikin 100 kowane mako, a zuƙe dattin ƙasa da ɗan tiyo, a ɗauraye soson a cikin tsohon ruwan da aka ɗiba. Sabulu ko ɗigo kada ya kusanci wurin. Abincin da ba su cinye ba a tsame shi tun bai kwana ba.

Ruwan famfo kuma da nasa sharrin. Kulorin da ake sa masa don ya kashe ƙwayoyin cuta bai san na kirki da na banza ba, kuma fatar kwaɗo ba ta jure shi. Idan kulorin ne zalla, a bar ruwan a buɗe kwana ɗaya ko biyu yakan fice. Amma birane da yawa a Amurka kuloramin suke sawa, shi kuwa ba ya tashi don an ajiye shi, sai an ɗiga maganin da ake sayarwa a shagon kifayen ado. Kada kuma wayo ya kai ka ga tataccen ruwan da aka cire wa dukkan gishirin ma'adinai, shi ma cutar da su yake yi. Sabon ruwan ya zo daidai da ɗumin tsohon, wajen digiri 24 a ma'aunin Salshiyas. Hannunka mai man shafawa da turare kuwa, ka ɗauraye shi tas kafin ka tsoma.

Maganar da ba wasa a cikinta ita ce ta yara. Kwaɗo yana iya ɗauke da salmonela yana cikin ƙoshin lafiya, ruwansa kuma ya cika da ita. Tsakanin 2009 da 2011 hukumar CDC ta Amurka ta ƙirga mutum 241 a jihohi 42 da suka kamu da ita ta hanyar ainihin irin kwaɗinka, mafi yawansu yara 'yan ƙasa da shekara 10, aka bi sawu har zuwa wata gonar kiwonsu a Kalifoniya. Saboda haka kada a wanke kayan akwatin a inda uwargida ke wanke kwanuka, kada a ajiye shi a ɗakin barcin yara, 'yan ƙasa da shekara 5 kallo kawai za su yi, kuma duk wanda ya taɓa ruwan ya wanke hannu da sabulu. Wurin nan ne aikin omonka.

In ka gaji da bautar, kada ka lallaɓa da dare ka juye su a rafi wai ka 'yanta su. Akwai wata cutar fata mai suna kitirid da cinikin kwaɗi ya taimaka wajen yaɗa ta a duniya. Wani bincike na 2019 ya ɗora mata alhakin raguwar nau'i 501 na kwaɗi da danginsu, 90 daga ciki ana jin sun ƙare ƙurmus. Mayar da su shagon, ko ka nemi wani Bazazzagin ka ba shi, na tabbata ba za a rasa ba.

Ran cika-ciki kuma ina jiran kuɗin sharata. Wanda ke da dalar sayen kwaɗo ba zai turo mini naira ba.