Saje Mai Hoto, Sassauta Tsawar Nan!

Saje, Ɗan Zage-zagi, bawan Kanawa, ina gaisuwa, ko da yake kai ya kamata ka fara durƙusowa. Labari ya iso mana Kano cewa ka sayi kyamara. Ba ta waya ba, irin mai dogon bakin nan da ake ratayawa a wuya, har da jakarta da sandarta mai ƙafa uku. An ce duk alawus ɗin da ka tara a daji ka juye mata, alhali uwargida ta shekara tana jiran firji. Allah ya ba ta haƙuri. Dama wadda ta auri Bazazzage ta saba ganin babbar riga ta sha aiki, aljihu kuma fayau.

Ni fa ban ce ba ka iya ba. Na ga aikin da idona. Hoton sunan ɗan ƙanwarka da ka turo mini kana jiran yabo, har yanzu in na duba sai na riƙe ciki. Dangi kaf sun ƙame, hannuwa manne da cinya, haɓa a sama, babu mai murmushi. Har kakarka da ke dogara sanda ta miƙe tsaf. Na tambayi yaran gidan abin da ya faru, suka ce ai Saje ne ya daka tsawa: "Kowa ya nutsu! Kai na baya, gyara layi!" Jaririn ne kaɗai ya ƙi bin umarni, ya wage baki yana tsala ihu, kuma shi kaɗai ya fito da rai a hoton.

Ciwon daga Difo ka kwaso shi. Tun 1924 garinku ke karɓar 'ya'yan mutane, a yi musu ƙwal-kwabo, a yi wata shida ana cusa musu cewa in an ce tsaya a tsaya, in an ce juya a juya. Ku Zage-zagi har tinƙaho kuke yi da wannan, sai ka rantse kakanku ne ya ƙirƙiro lef-rai. To sana'ar da ka ɗauko ba ta san wannan tarbiyya ba. Mai hoto ɗan lallashi ne. Amarya ta ce a sake, ka sake. Ƙawar amarya ta ce ka fito da ita baƙa, ka ba ta haƙuri ka ƙara haske, ko da kuwa haka Allah ya yi ta. Uwar ango ta ƙwala maka kira, "kai yaro mai hoto!", ka amsa da "na'am Hajiya", igiyoyinka uku suna can bariki a rataye. A nan nake jiran ka. Ranar da wata 'yar yarinya za ta leƙa bayan kyamararka, ta taɓe baki ta ce "goge wannan, bai yi ba", don Allah a aiko a kira ni in ga fuskarka. Ba ka da ikon sa ta tsallen kwaɗo, Saje. Farar hula ce, kuma babanta ne zai biya.

Amma bari in sassauta maka, kada ka kai ƙarata wajen Samanja. Akwai abin da kaki ya ba ka wanda 'yan gayun masu hoton nan ba su da shi. Ka iya tashi kafin asuba ba tare da an yayyafa maka ruwa ba, kuma hasken da ya fi kyau ga hoto shi ne na sassafe da na gab da faɗuwar rana, domin ranar tsaka tana zuba wa mutum baƙar inuwa a ƙarƙashin ido ta tsofar da shi. An koya maka riƙe numfashi kafin ka ja kunama, to haka ake yi kafin a danna in haske ya yi ƙasa, in ba haka ba hoto ya fito dishi-dishi. Ka iya kwanciya rub da ciki awa guda ba motsi. Ka saba goge bindiga kullum, saboda haka ƙurar hunturu, wadda ke shiga cikin kyamara ta bar ɗige-ɗige a kowane hoto, ba za ta ci taka ba. Hoton nan da ka ɗauka na wata tsohuwa tana jan guga da yamma, jikokinta suna riƙe da igiyar, na daɗe ina kallon sa. Ya yi kyau ƙwarai. Na tabbata ba ta san kana wurin ba ne, da ka sa ta sara maka.

Kuma ba kai ne farau ba, kada kanka ya kumbura. A Yaƙin Duniya na Biyu akwai wani ƙaramin sojan Amurka, Tony Vaccaro. Ya nemi a sa shi cikin masu ɗaukar hoton rundunar, aka ce ya yi yarinta. Sai ya rataya 'yar kyamararsa Argus C3 tare da bindiga, ya bi yaƙin tun daga Faransa a 1944 har cikin Jamus, ya ɗauki dubban hotuna. Ka san inda yake wanke fim? A cikin hular kwano, da daddare, ya shanya a reshen bishiya. Da aka gama yaƙi ya zama babban mai hoto na mujallun Amurka, ya ɗauki su Kennedy da Picasso, ya rasu a 2022 yana da shekara 100. Kai taka hular kwanon, in ban da jiƙa garin kwaki, me ta taɓa wankewa? Akwai kuma Don McCullin na Ingila, wanda hotunansa na yaƙin Biyafara suka zaga duniya. Lokacin da yake sojan sama ya zauna jarrabawar zama mai hoto ya faɗi. Wannan na kawo maka ne musamman, don na san labarin faɗuwa jarrabawa zai kwantar maka da hankali.

Sai dai zamaninsu babu Facebook. Kai kuwa yatsanka na ƙaiƙayi, komai ka ɗauka sai ka ɗora. Ka san dokar gidanku ta hana baza hoton bakin aiki, da dalili kuwa: hoton waya yakan tafi da bayanin wurin da aka ɗauke shi, kuma tsauni ko hasumiyar da ta fito a bayanka ta isa ta gaya wa maƙiyi inda kuka kwana. Ka bar sansani da abokan aikinka su huta. In aka jefa ka gadurum ni ba zan zo beli ba, iyakaci in aiko maka da gurasa. Sannan kundin tsarin mulki na 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati, har da soja, gudanar da kasuwancin kansa in ba noma ba. Saboda haka allon nan da kake mafarkin kafawa a Tudun Wada, wai "Saje Hoto Na Zamani", ka adana shi ƙarƙashin gado sai ka tuɓe kaki. Kada ka ce za ka gaya wa Kwamanda kyamara garma ce. Na san bakin Bazazzage, za ka iya gwadawa.

Gaskiya ɗaya zan faɗa maka, kuma kada ka saba jin irinta daga bakina: ka yi dabara. Komai daɗewa shekara 35 ce iyakar aikin soja. Da yawa ba sa tunanin sana'a sai an tura su Oshodi a Legas, cibiyar da ake koya wa sojoji masu shirin ritaya aikin hannu, mutum gemu ya yi fari sannan a fara nuna masa yadda ake zura zare a keke. Wasu kuma su ƙare a bakin ƙofar wani Alhaji suna buɗe get, suna lissafin ranar da fansho zai shigo. Kai ka fara da sauran ƙarfinka, kana ɓata hotunan dangi kyauta kana koyo. Dangin ne abin tausayi.

Abin da ya rage shi ne ka ajiye girman kan nan naku ka zo Kano ka yi karatu. Sani Maikatanga namu ne, shi ya zo na ɗaya a gasar Wiki Loves Africa ta 2023 da hoton ambaliyar Auyo. Ka kuma nemi aikin Fati Abubakar ta Maiduguri, Bits of Borno, ka ga yadda ta ɗauki mutanen garin da ka yi wa gadi suna cin kasuwa, suna biki, suna dariya, ba tare da ta daka wa kowa tsawa ba. Hawan Sallarmu kuwa UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2024. Ka ji ko? Na Kano aka ce. Ku ma kuna hawa, ban musa ba, muna jin labari.

In an ba ka fas da Sallah ka taho da kyamarar. Zan sa shaddata, in zauna a zaure, ka ɗauke ni kyauta, domin bawa ba ya cajin ubangidansa. Sharaɗi biyu ne: ka rage mini tumbi, kuma in ka kuskura ka ce mini "gyara tsayuwa", a bakin tuwon darenka. Ka gaida uwargida, ka ce mata firjin yana nan tafe in an yi biki goma.