Mushe Ya Tafi Riga Ƙirgen Ashirin Huɗu

Mushe, ɗan kawuna, taubashina na Maraɗi, baturen da har yau fari ya ƙi zuwa masa. Ku can Nijar kun ce haka ake kiran malamin boko. Mu nan Katsina mun san abin da ake kira mushe, ungulu ma ta sani. Allah ya huci zuciyarka, ai ban ma fara ba.

Labari ya iso mana wai kana Riga, babban birnin Latbiya, can gaɓar tekun Baltik, har ka samu aikin juya takardun cinikin katako da kifin gwangwani daga Faransanci zuwa harshen mutanen ƙasar. Ina ji na ɗaga hannu na yi wa masu dukiyar addu'a. Kai da ko canjin cefanen Inna ba ka taɓa maidowa cikakke ba, kai aka damƙa wa lambobin mutane? To, Allah ya sa da rabon su tsira da uwar kuɗi.

Mu fara da harshen da kake hura mana hanci da shi. Bafaranshe yana tafiya lafiya lau har 69. Yana taka 70 sai kalmomi su ƙare masa, ya ce soixante-dix, sittin da goma. A 80 ya bar tarawa ya koma ninkawa: quatre-vingts, ashirin huɗu. Kafin ya furta 97 kuwa sai ya zauna jarrabawa sukutum: quatre-vingt-dix-sept, huɗu sau ashirin, a ƙara goma, a ƙara bakwai. Tsohon ƙirge ne na ashirin-ashirin, kuma shaidarsa na nan tsaye a birnin Faris: asibitin Quinze-Vingts, wanda Sarki Luwi na Tara ya kafa wajajen 1260 domin makafi 300. Ashirin goma sha biyar ke nan. Yau asibitin ido ne, ka riƙe sunan saboda ranar da sifili zai fara yi maka gizo.

Abin haushin, ba duk masu Faransanci ne suka yarda da wannan wahala ba. A Beljiyam da Siwizalan septante suke cewa 70, nonante 90, wasu yankunan Siwizalan ma har huitante gare su na 80. Mutanen Kinshasa sun gaji na Beljiyam sun huta. Kai ne dai aka raba gado ka tashi da mai ƙaya, kana kuma yi mana taƙama da shi.

Mutumin Latbiya ba ruwansa da wannan kewaye-kewaye. Tara deviņi, goma desmit, bakwai septiņi, saboda haka 97 deviņdesmit septiņi, goma tara da bakwai, shi ke nan. 11 kuma vienpadsmit, ɗaya bisa goma, ɗan'uwan goma sha ɗayanmu. To a nan gizo ke saƙar, Mushe. Lamba ba a fassara ta kalma bayan kalma. Sai ka bar mai magana ya dire, ka ga adadin tsaye a ƙwaƙwalwarka, sannan ka sake gina shi da kayan ɗaya harshen. Wannan aikin masu haƙuri ne, kai kuwa tun muna yara ba ka bari mutum ya kai aya. Kana jin quatre za ka zabura ka ce četri, kamar ɗan dakon da ya sauke buhu tun ba a nuna masa shago ba. Mai katako ya ce 97, kai ka sayar masa a 4. In lambar waya ce ma abin ya fi muni, domin Faransawa bibbiyu suke karanto ta, kuma ɗan numfashi kaɗai ke raba 97 da 80 mai biye da 17.

Kada ka ce ka tsere wa kura, sayaki na gaba. A Faransanci ɗaya ce kawai ke da namiji da mace, un da une. A Latbiya viens da viena, divi da divas, četri da četras, haka har tara, uku kaɗai, trīs, ke shiga kowane zaure da riga ɗaya. Bayan haka wutsiyar lambar tana sauyawa gwargwadon aikinta a jimla: “da biyu” sai ya zama ar diviem ga maza, ar divām ga mata. Kai da har gobe le da la ke kayar da kai in ka yi sauri! Shekara 21 kuma, Bafaranshe jam'i yake sa mata, vingt et un ans, su kuwa tilo, divdesmit viens gads, yadda mu ma muke faɗa. In ka juyo Faransanci da alƙalami, ga wata s mai ɓuya tana jiranka: tana nan a quatre-vingts da deux cents, ta ɓace a quatre-vingt-un da deux cent un, mille kuwa ba ta taɓa karɓar ta ba.

Agogonsu ma da kai yake faɗa. In an ce maka pusastoņi, pus rabi, astoņi takwas, kada ka gyara kwanciya. Bakwai da rabi ake nufi, rabin hanyar zuwa takwas. Na san ka, za ka iso takwas da rabi kana murmushi, ka ɗora wa nahawu laifin da ka baro Maraɗi da shi.

Babban ramin yana wajen manyan kuɗi. Milliard da miljards sun daidaita, shi ne biliyan ɗinmu na Nijeriya mai sifili 9. Amma billion na Faransanci sifili 12 gare shi, wanda Latbiyawa ke kira triljons, shi kuma trillion na Faransanci 18. In ka bi kamannin suna, ka ci bashin da jikokin jikokinka ba za su biya ba.

Gaskiya dai ɗaya ce, in akwai wanda zai iya, kai ne. Yaron da ya tashi a kasuwar da ake rubuta 100 a ce dala ashirin, a rubuta 1,000 a ce jika, ya saba raba biyar tun bai iya ɗaura wando ba. Mu ma da ke cewa ashirin ba ɗaya ba mu da bakin zagin kowa sosai. Na yaba maka, kada kai ya kumbura, hular sanyin ta ƙi shiga.

Saura magana mai muhimmanci. Watan cika-ciki na tafe, kuma teku ba ta yafe kuɗin shara. Tun 2014 Latbiya ta ajiye kuɗinta lats ta kama yuro, don haka kada ka kawo mini zancen sefa. Yuro quatre-vingt-dix-neuf nake jira. In na ga 4 sun shigo, wajen Kawu zan kai ƙara, kuma da Hausa za a yi shari'ar.