Turmi Ba Ya Mantuwa

Kafin ki yafa mayafi ki nufi kasuwa, uwargida, tsaya ki amsa tambaya guda: me za ki daka? Wadda ta sayi turmi ba ta amsa wannan ba, ita ce za ki ji labarinta bayan wata biyu ta kawo wa maigida miyar kuka mai ƙamshin ɗakin amarya, don a turmin da ta daka kajiji da sandal ranar Alhamis, a nan ta daka kuka ranar Asabar. Bawan Allah zai ci tuwonsa, tunda yunwa ba ta jira, amma kowace loma sai ya waiga yana neman inda aka ajiye kaskon turare.

Laifin ba na hannunta ba ne. Itace yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, shi kuwa ƙamshin kayan yaji duk mai ne. Abin da ke sa kanumfari ya cika hanci, da abin da ke sa citta ta ɗumama maƙogwaro, mai ne da ke ɓoye a ciki, tabarya ce ke fasa shi ya fito. Zafin barkono ma a mai yake narkewa, ba a ruwa ba, shi ya sa wanda yaji ya kama zai shanye rabin randa a banza, alhali ludayin nono ɗaya ya ishe shi. To man nan in ya shiga jikin itace ya sami gida. Ki wanke sau bakwai, yana nan yana jiran abin da za ki zuba gaba.

Saboda haka gidan da ke son zaman lafiya turmi uku yake bukata. Babba na surfe da kirɓa fura da sakwara. Matsakaici na busassun ganye, su kuka, zogale, karkashi da busasshiyar kuɓewa. Sai ƙarami na yaji, wanda in kin sami na ƙarfe ma ya fi, domin ƙarfe ba ya shan mai. In kuma kina haɗa turaren wuta, ko maigida yana cikin masu dawowa daga masallacin Juma'a da ƙunshin saiwoyi da sassaƙe a aljihu, to na huɗu ya zama dole. Duk wadda ta taɓa shan kunun da aka daka geronsa a inda aka daka ɓawon maɗaci ba za ta tsaya yi mini gardamar kuɗi ba.

Yanzu sai batun itace, kuma a nan ake cin kasuwa ko ta ci mutum. Sarkin itacen turmi ƙirya ce. Tana da nauyi, tana da tauri, gara ba ta samun ta da sauƙi, kuma da gawayinta maƙera suka fi son hura wuta. Maɗaci ma yana yi, za ki gane shi da jan jikinsa. Abin gudu shi ne itace mai taushi da aka shafe da mai ko aka yi wa baƙi don ya yi kama da na gaske. Kada kunya ta hana ki bincike. Ki ɗaga shi ki ji nauyinsa. Ki ƙwanƙwasa gefensa, mai kyau amsawa yake da ƙarfi, mai lahani kuwa muryarsa a dushe take. Ki kunna fitilar waya ki leƙa gindinsa, don can ne duk dukan duniya zai sauka, kuma masassaƙin da ya zurfafa gizago fiye da kima ya bar miki gindi mai sirantaka da zai huje kafin yaye. In kin ga ƙananan ramuka da gari yana zubowa, akwai masu haya a ciki tun kafin ki biya. In kin ga wani layi mai launi daban, ki sa farce ki kankare, sau da yawa tsaga ce aka cike da garin katako da gam.

Nauyi kaɗai na iya yaudarar ki, domin ɗanyen itace ma nauyi gare shi, ruwa ne a ciki. Za ki ji jikinsa da sanyi-sanyi, yana warin daji. Irin wannan yana nan lafiya har iskar hunturu ta kaɗa, sai ki ji shi cikin dare ya yi ƙara ya tsage daga baki har ƙugu. Shi ya sa na fi son a sayi turmi a ƙarshen rani, bayan ya riga ya ga hunturu a rumfar mai shi. Wanda ya tsallake wannan jarrabawa da kuɗin wani ya tsallake ta, ba da naki ba.

Mai turmi kuwa zai ce miki, “Hajiya, wannan har jikokinki.” Ki yi murmushi ki ci gaba da dubawa. In a kasuwar Kurmi ta Kano kike, ki tuna tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15, ake ciniki a wurin, daɗin bakin nan gadonsa aka yi kaka da kakanni. Tabarya kuma ki gwada ta a cikin turmin nan take, ko da mutane za su tsaya kallo. Kanta ya zauna daidai a gindin, tsawonta ya dace da naki, kada ki ɗauko wadda za ki riƙa yin ruku'u duk bugu ɗaya.

Na san akwai mai cewa ita ta wuce nan, tana da blanda. Madalla, blanda tana da ranarta, amma ki san halinta. Wuƙarta gudu take yi har ta ɗauki zafi, zafin kuma shi ke korar man ƙamshi, sai ki ji kicin ya cika da ƙamshin da ya kamata a ce yana cikin kwalba. Ki yi amfani da ƙaramin kofin busassun kaya, ki kunna na 'yan daƙiƙoƙi ki kashe, ki girgiza, ki sake. Man kanumfari yana cin roba, yana barin kofi dishi-dishi har abada. Busasshiyar citta irin ta Kachia da Kwoi, wadda ake tsagawa a shanya har ta yi tauri, tana iya karya wuƙa ko ƙona inji, dole sai an fara farfasa ta. Da me za a farfasa? Kin ga mun dawo gun turmi. Ga shi kuma ba a taɓa jin an ɗauke wuta tabarya ta tsaya ba.

Injin unguwa kuwa na kowa ne, abin da aka niƙa kafin naki shi zai yi miki rakiya gida. Faifan ƙarfensa goga juna suke yi suna cinyewa, kuma abin da ya cinye cikin gari yake tafiya. Ki ja maganaɗisu cikin garin da aka kawo daga inji wata rana ki gani da idonki. In dole ce ta kai ki, ki haɗa yaro da ɗan kwanon dusa a fara zubawa ta wanke hanya.

Sabon turmi ba a fara shi da abinci. Ki daka dusa ko ƙaiƙayi sau biyu ko uku ki zubar, su kwashe ɓurɓushin itace su gyara cikin. Sannan ki shafe bayansa da man kaɗe ko man gyaɗa ki bar shi a inuwa ya sha.

Wurin daka, dokar farko ita ce bushewa. Ganye a inuwa ake shanya shi don kada rana ta cinye korensa, barkono da citta kuwa a ba su rana sosai. In kin murza ganye bai ruguje ba, ko kin karya barkono ya lanƙwashe maimakon ya ce ƙas, ki mayar kan tabarma. Danshi shi ke sa kaya su manne a gindi su yi fumfuna, musamman da damina. Kuka in kin ɗiga mata ɗan mai kafin daka, ƙurarta na kwantawa, launinta na fitowa. Yaji kuma da tsari ake yin sa: masu taurin kai su fara shiga, citta, kanumfari, masoro da kimba, sannan barkono. Ki tankaɗe, ki mayar da tsakin, ki sake. Ƙuli-ƙuli da gishiri su zo a ƙarshe, don in ƙuli ya riga shiga mansa zai toshe rariya ki wuni kina bugun ta. Kuma don Allah ki duba inda iska ta nufa kafin ki ɗaga tabarya a kan barkono. Surukarki na zaune a ƙofar ɗaki tana lazimi, kin aika mata da ƙurar yaji, duk bayanin da za ki yi daga baya ba zai shiga ba.

Wanki kuwa, ki nisanta turmi da garin sabulu, shi ma shiga itace yake ya zauna. Ki daka 'yar busasshiyar shinkafa ko dusa ta tsotse man, ki zubar wa kaji, ki goge da tsumma. In ya zama dole a sa ruwa, a ɗauraye da sauri, a jingine shi a inuwa bakinsa ƙasa-ƙasa. Kada a bar ruwa ya kwana a ciki, kada a bar shi a tsakar rana, kada kuma a kife shi a kan tsurar ƙasa, a ɗora shi bisa duwatsu ko bulo. Ƙirya tana ƙara wuya a dazukanmu saboda masu gawayi, turmin da kika riƙe shekara ashirin bishiya ce kika bari a tsaye.

Sai babbar jarrabawa, wato sallamar yaro da hantsi: “Wai in ji Mama a ara mata turmi.” Maƙwabtaka hakki ce, ba na ce ki hana ba. Amma ki tambaya da fara'a, “Me Maman taka za ta daka?” In ya ce bai sani ba, ki ba shi na hatsi in kin yarda da gidan, na yaji da na kuka kuwa su yi zamansu. Ƙaramin abin da zai iya faruwa shi ne ya dawo yana warin daddawa ko tafarnuwa. Babban kuwa mun gan shi a Zamfara a 2010, lokacin da aka riƙa daka duwatsun zinariya a cikin gidaje, da turame da injinan niƙan hatsi, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Dareta da Yargalma. Duwatsun na ɗauke da dalma, ƙurarta ta shiga ƙasa da abinci, yara kimanin 400 suka rasu, har sai da likitocin ƙungiyar MSF suka gano musabbabin. Turmin da ya taɓa dakan dutsen ma'adini, ko fenti, ko maganin ƙwari, ya fita daga harkar abinci har abada, babu wankin da zai dawo da shi.

In kuwa tsufa ne ya kama turmin naki ya fara tsagewa daga baki, kada ki yi saurin yanke masa hukunci. Ki kai wa maƙeri ya ɗaure shi da zoben ƙarfe, zai ƙara shekaru yana aiki. Sai ranar da gindin ya huje, kika ga gari yana bin ƙasa, sannan ki sallame shi. Ki kife shi a gindin bishiya ya zama kujerar mai kitso, ki dai ja wa yara kunne kada su mirgina shi jikin katanga su hau suna leƙen gidan maƙwabta.